Fireteam Bravo: Ƙarfi da raunin wasan dabarun yaƙi a tafin hannu

A watan Nuwamban shekarar 2005 ne kamfanin Sony ya fitar da wasan SOCOM: Fireteam Bravo a Amurka, watanni takwas bayan da na'urar wasanni ta hannu mai suna PSP ta shiga kasuwar ƙasar.

Kamfanin Zipper Interactive ne ya tsara shi, tare da shawarar rundunar mayaƙan ruwa ta musamman ta Amurka.

An daina ƙera PSP tun a shekarar 2014, amma wasanninta ba su mutu ba. A wurare irin su Katabu da ke arewacin Kaduna, kan hanyar Zariya, mai wayar Android na iya buga su ta manhajar PPSSPP, wadda ta fito a 2012.

Shi dai wannan wasa ya sha bamban da na harbin kan mai uwa da wabi. Mai wasa na riƙe da soja ɗaya ne da ake kira Sandman, yana kuma bai wa abokin tafiyarsa Lonestar umarni: ya biyo shi, ya tsaya gadi, ya buɗe wuta ko ya dakata, ko kuma ya ɓalle ƙofa ya jefa gurneti.

Ayyukan da ake tura su sun kai su ƙasashen Chile da Maroko da Poland da kuma kudancin Asiya. Wanda ya afka wa sansanin abokan gaba da gudu ba ya daɗewa a raye. Wanda ya yi rarrafe, ya leƙa da tabarau mai hangen nesa, ya zaɓi bindiga maras ƙara, shi ne kan kai labari.

Matsalar yatsa ɗaya

Kusan duk wani yabo da suka da aka yi wa wasan daga wuri guda suka samo asali.

Abin sarrafa wasa na PlayStation 2 na da maɓallai biyu masu juyawa: da na hagu ake tafiya, da na dama ake waiwaye da saitin bindiga. Ita kuwa PSP guda ɗaya tak ke gare ta, ƙarami, a ƙarƙashin babban yatsan hagu.

Ke nan ba zai yiwu mutum ya yi tafiya yana saiti a lokaci guda ba, alhali kuwa wannan shi ne ƙashin bayan wasannin harbi.

Mafitar da Zipper ya samo ita ce ya bar wa na'urar aikin saiti. Idan mai wasa ya danne maɓallin kafaɗar dama, bakin bindiga zai kama abokin gaban da ke cikin zangon harbi, ya riƙa bin sa duk inda ya gusa. Ingancin harbin kuma ya danganta ne da nisa, da irin bindigar, da kuma ko sojan na tsaye ne, ko a durƙushe, ko a kwance.

Wannan dabara ce ta sa wasan ya bugu a kan allo mai faɗin inci 4.3. Ta kuma mayar da hankalin mai wasa daga saurin yatsa zuwa tunani: ta ina za a ɓullo, da wane makami, kuma yaushe.

Sai dai kuma ita ce ta rage masa armashi. Gwanin saiti da ɗan koyo sun zama kusan ɗaya, domin wanda ya riga danna maɓalli shi ke da rinjaye. Akwai hanyar saiti da hannu ga mai son harbi daga nesa, amma sai sojan ya tsaya cik, wanda a tsakiyar artabu tamkar miƙa wuya ne.

Kamfanin Sony bai gyara wannan giɓi ba sai a na'urar PlayStation Vita da ta fito a Japan a ƙarshen 2011, mai maɓallan juyawa biyu.

Rauni na biyu shi ne basirar mayaƙan da na'urar ke sarrafawa. Abokan gaba kan tsaya a fili ana harbinsu, shi ma Lonestar wani lokaci yakan tare hanya ko ya makara wajen bin umarni. Dabara ba ta cika daɗi ba idan wanda ake shirya wa tarkon ba shi da wayo.

Inda wasan ya fi ƙarfi

Saboda haka ne ma darajar wasan ta fi fitowa idan mutane ne ke karawa da junansu. Har mutum 16 na iya shiga fage ɗaya ta intanet, suna magana da juna ta abin saƙalawa a kunne mai makirufo. A shekarar 2005 wannan ba ƙaramin abu ba ne ga na'urar da ke shiga aljihun riga.

Akwai kuma wata alaƙa da aka ƙulla tsakaninsa da SOCOM 3 na PlayStation 2, ta yadda aikin da aka kammala a wasa ɗaya kan sauƙaƙa wani aikin a ɗayan.

To amma wannan gata na masu intanet maras waya ne a gida, abin da a wancan lokaci ya yi wa yawancin gidajen Kaduna nisa, inda aka fi dogaro da shagunan shiga intanet. Abin da ya fi dacewa da irin wannan muhalli shi ne haɗin kusa, wanda na'urori ke magana da juna kai tsaye idan masu su na zaune wuri ɗaya, ba tare da biyan ko sisi ba.

Batir ma abin dubawa ne. Sony ya ƙiyasta cewa cajin PSP na ɗaukar sa'o'i huɗu zuwa shida ana wasa, kuma kunna haɗin maras waya na rage hakan. Duk da haka, a garin da wutar lantarki ke zuwa ta ɗauke ba sallama, na'ura mai batir ta fi wadda sai an jona ta da talabijin.

Abin da wasan bai nuna ba

Hukumar tantance wasanni ta Amurka ta ware Fireteam Bravo ne ga masu shekaru 17 zuwa sama, abin da ya kamata iyaye su sani, tun da fayil ɗin da ake turawa daga waya zuwa waya ba ya zuwa da kwalin da ke ɗauke da gargaɗin.

Kuma labarin daga ɓangare ɗaya ake ba da shi: sojan Amurka ne jarumi a ƙasar wasu, ba a kuma tambayar dalilin zuwansa.

Sannan tsarin saitin nan ya ɗauke wa mai wasa tambaya mafi wuya a fagen daga, wato wane ne abokin gaba. Mutanen ƙaramar hukumar Igabi, inda barikin Jaji da kwalejin horar da manyan hafsoshin da aka kafa a 1976 suke, sun san nauyin wannan tambaya. A watan Disamban 2023 wani jirgi maras matuƙi na sojin ƙasa ya kai hari kan masu taron Mauludi a ƙauyen Tudun Biri, inda hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce mutum 85 ne suka rasu. Rundunar ta ce kuskure ne.

Kashi na biyu na wasan, wanda ya fito a 2006, ya ɗan taɓo wannan batu. A cikinsa mai wasa na samun yardar mutanen gari idan ya kuɓutar da fararen hula, ya kuma kama abokan gaba da rai, yardar da ke buɗe masa hanyar samun bayanai da makamai.

Kashi na uku ya fito a 2010, daga kamfanin Slant Six Games na Kanada, ya kuma zo da sharaɗin da ya ƙuntata wa masu sayen faifai na hannu: sai sun biya dala 20 kafin su shiga wasan intanet.

A shekarar 2012 Sony ya rufe kamfanin Zipper, ya kuma kashe manyan kwamfutocin da ke haɗa 'yan wasan SOCOM na PSP. Mai buga shi a waya na iya yin ayyukan mutum ɗaya da kuma haɗin kusa, a kan gilashin da babu maɓallin kafaɗa na zahiri da za a danne.