Ciwon Wuya da Baya Ga Masu Koyon Aikin Likita

Yau zancenmu a kan samari da 'yammata masu koyon aikin likita ne, da ciwon jikin da ya kan dame su. Wuraren da suka fi kuka da su uku ne, watau wuya, da kafaɗu, da kwankwaso.

To, me ke kawo shi? Babban dalili shi ne daɗewa a tsari guda ba motsi. Karatun likita a Nijeriya shekara 6 ne. A shekarun fari ɗalibi ya kan wuni sunkuye bisa littafi, ko kwamfuta, ko wayar hannu. Kan mutum kuwa nauyinsa wajen kilo 5 ne, kamar galan guda na ruwa. Ku riƙe galan a ƙirji, ba wahala. Ku miƙa hannu da shi, nan da nan hannu ya sage. Haka naman wuya ke sha in kai ya rinjaya gaba. A shekarun baya kuma sai doguwar tsayuwa, wajen zagayen majiyyata da ɗakin tiyata.

Akwai abubuwan da ke ƙara shi: rataya jaka mai nauyi a kafaɗa guda, ƙarancin barci, rashin motsa jiki, tsohon rauni, da fargaban jarrabawa, gama damuwa ta kan ɗaure naman wuya.

Maganinsa ba tsada. Kowane rabin sa'a a tashi a miƙe, a ɗan taka. A ɗaga littafi ko kwamfuta daidai ido, ƙafa biyu a ƙasa, baya a jingine. A sami minti 150 kowane mako ana tafiya da sauri ko wasa. Kada a saba da haɗiyar ƙwayoyi: wasu su kan ci ciki, taramol kuwa ya kan kama mutum har ya kasa bari.

Amma in ciwon ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko mutuwar ƙafa, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, lalle a ga likita ran nan, domin tarin fuka ya kan shiga ƙashin baya. Mai amosanin jini shi ma kada ya yi jinkiri.

Iyaye da malamai, ku gargaɗe su tun yanzu, kada ciwon makaranta ya bi su har wurin aiki. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, amin.