Fentin Da Ba Ya Son Rana

Yau ba labarin soyayya na kawo muku ba. Wata sana'ar mutanen Japan ce ta tsaya mini a rai.

Sunan abin urushi. Ruwan jikin wata bishiya ne da ake tsaga ɓawonta a tatsa, kamar ƙaro. Sai ta haura shekara 10 ake taɓa ta, abin da za ta bayar bai fi giram 200 ba, sannan a sare ta. Da shi ake shafe akushi da farantin katako, baƙi wuluk ko ja, yana sheƙi har ki hango fuskarki. Wai kuma rana ba ta busar da shi, laima yake so! Cikin kabad ɗin katako da aka jiƙa ake ajiye shi ya daskare. Da a hunturunmu ne, ai sai a yi ta zaman jira.

Garin da ya yi fice a wannan aiki shi ne Wajima, a jihar Ishikawa, inda aka buɗe makarantar koyar da shi a 1967. Mai koyo da ƙaiƙayi take fara gaisawa, don ɗanyen urushi in ya taɓa fata ƙuraje yake fesowa. Kuma kada ki zaci malami zai miƙa miki zinariya ranar farko. Feƙe ɗan itacen da ake shafawa da shi za ki fara koya. Shi kuwa burushin, da gashin mutum ake yin sa, ni dai da na ji haka sai da na dafa kitsona.

Kwano ɗaya yakan bi matakai sama da 100. A liƙa ƙyalle a bakinsa don kada ya tsage, a shafa urushin da aka kwaɓa da garin wata ƙasa mai suna jinoko, a jira, a goge, a sake shafawa. Ƙura ƙwaya ɗaya ta isa ta ɓata shafin ƙarshe. Bayan nan ne ake zuwa kwalliyar da ta fi burge ni, maki-e: a zana fure da urushi, a barbaɗa garin zinariya tun bai daskare ba.

Abin da ya sa na damu, ranar 1 ga Janairu 2024 girgizar ƙasa ta afka wa yankin. Gobara ta cinye tsohuwar kasuwar safe ta Wajima, ɗakunan aiki da yawa suka rushe, masu sana'a suka watse. A can kuwa ba mutum ɗaya ke gama kwano ba. Mai sassaƙa daban, mai shafin ƙasa daban, mai shafin sama daban, mai zinariya daban, kuma da yawansu tsofaffi ne. In mai sassaƙa ya bar gari bai dawo ba, mai zinariya ba ta da abin da za ta zana a kai, balle ta koya wa wata.