Idan Uwar Garke Za Ta Sake Adireshi, Kada A Yi Saurin Rufe Tsohuwar Rumfa

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa tashi daga wata rumfa zuwa wata a kasuwar Aboabo ya san cewa kwashe kaya ba shi ne babban aiki ba. Babban aikin shi ne yadda abokin ciniki da ya taso daga Paga ko Bawku zai same ka a sabon wurin, ba tare da ya juya ya kai kuɗinsa ga maƙwabci ba. Irin wannan ƙaurar ce ke faruwa a cikin na'ura, kuma da yawanmu ba mu sani ba sai ranar da waya ta ce mana ba ta samu hanya ba.

Mu ɗauki misalin ƙaramin ofishi a unguwar Kalpohin da ke nan Tamale, wanda ke riƙe wa fatake lissafin buhunan da aka loda, da bashin da ake bi, da rasit. Duk wannan yana zaune ne a cikin kwamfuta guda da ake kira uwar garke, wadda sauran kwamfutoci da wayoyi ke ɗiba daga gare ta. Tana da adireshin IP, wato lambobi kashi huɗu da ɗigo a tsakaninsu, kowane kashi daga 0 zuwa 255. Ranar da ofishin ya sauya kamfanin da ke ba shi intanet, galibi wannan lambar ma sai ta sauya.

To, mu dai suna muke rubutawa, ba lamba ba. Tsarin DNS ne ke juya suna zuwa lamba, kamar ɗan kamasho a tasha da ke nuna wa baƙo motar garinsu. Sai dai na'urori kan riƙe amsar da suka samu na wani lokaci kafin su sake tambaya, kuma mai uwar garken ne ke yanke tsawon lokacin, wanda ake kira TTL. Idan an sa shi daƙiƙa 86,400, wato kwana guda, to wasu za su yini suna ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa. Saboda haka ma'aikacin da ya san aikinsa yakan rage shi zuwa daƙiƙa 300 tun ana saura kwana biyu ko uku, ta yadda ranar ƙaura minti biyar sun isa labari ya bazu.

Ko da an yi haka, ba a kashe tsohon adireshi nan take. Lokacin da Jami'ar Maryland ta Amurka ta sauya adireshin ɗaya daga cikin manyan uwayen garke 13 da ke riƙe da tushen DNS na duniya, ranar 3 ga Janairun 2013, sai da ta yi alkawarin barin tsohon yana amsawa na aƙalla wata shida. Mu a Ghana mun ga irin wannan hikimar a 2007, da aka mayar da tsohon sidi 10,000 ya zama sabon sidi 1: daga Yuli zuwa ƙarshen Disamba kuɗin biyu suna yawo tare a kasuwa. Mun kuma ga sauyin lambobin wayar girke a watan Mayun 2010, inda 071 ta Tamale ta koma 03720, ta Accra kuma 021 ta koma 0302, kowa ya shiga gyaran allon shago da katin kasuwanci.

Amma a nan akwai tarko, kuma shi ya fi shafarmu. Idan tsohuwar na'ura da sabuwa duka suna karɓar rubutu, littafin ciniki ya rabu biyu ke nan. Alhaji ya biya bashinsa an rubuta a tsohuwa, sabuwa kuwa tana nuna ana bin sa, sai rigima ta tashi tsakanin mutanen da suka shekara ashirin suna amana. Abin da ya dace shi ne a dakatar da rubutu na ɗan lokaci, a kwafe lissafin ƙarshe, sannan a mayar da tsohon adireshi ɗan aike kawai, yana tura duk wanda ya zo zuwa sabon.

Sai kuma na'urorin da aka cusa wa lambar kai tsaye, kamar firinta ko kwamfutar reshe a bakin iyaka. Waɗannan ba sa tambayar DNS, dole a bi su ɗaya bayan ɗaya. Haka banki ko kamfanin kuɗin waya da ke karɓar saƙo daga adireshin da ya sani kaɗai, a sanar da shi tun da wuri, a rubuce.

Mu 'yan kasuwa ba mu ne za mu taɓa wayoyin ba, amma muna da bakin tambaya. Yaushe za a yi? Kada ya zama ranar kasuwa, ko jajibirin Sallah, ko ƙarshen wata. Tsakar dare ya fi. An ajiye kwafin lissafi a wani wuri daban? Idan sabuwar ta ƙi tashi, minti nawa za a ɗauka a koma tsohuwa? Kafin ranar, kowa ya sa a buga masa bayanin asusunsa a takarda, washegari da safe ya gwada shi da abin da na'ura ta nuna.