Me Ke Sa Tsohuwar A-Kori-Kura Mutuwa A Kan Hanya?

A-kori-kura ita ce jakin wannan zamani. Ita ke kwaso doya da tumatir daga gona zuwa kasuwa, ita ke kai siminti da katako wurin gini, a ƙauyuka da dama kuma ita ke kai mara lafiya asibiti. Tun daga shekarar 1975, sa'ad da aka buɗe masana'antar harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, ƙirar 404 da 504, tare da irin su Toyota Hilux da Datsun, suka cika hanyoyin ƙasar nan, har yau kuwa da yawansu suna bakin aiki.

To, tsohuwar mota tana da wani ciwo mai ban haushi. Tana cikin tafiya lafiya lau sai ta mutu, bayan minti goma ko ashirin ta tashi kamar ba abin da ya same ta. In an kai ta gareji sai ta ɓoye ciwon. Daga nan sai a shiga canje-canje a makance, yau fulogi, gobe kafireta, jibi batir, kuɗi ya ƙare ciwo yana nan. Abin da ya fi asarar kuɗi muni shi ne, motar da ta mutu da kaya a kan gangara, ko a tsakiyar babban titi da dare, tarko ce ga mai ita da sauran jama'a. An shirya wannan ƙasida ne domin nuna wa direbobi da masu mota yadda ake gano tushen ciwon kafin a kashe ko kwabo.

Abubuwa uku da inji ke rayuwa da su

Injin fetur yana bukatar abu uku a kowane lokaci, watau mai, da iska, da wuta. Kafireta ce ke gauraya mai da iska, kimanin kashi 15 na iska ga kashi 1 na mai bisa nauyi. Kwayil kuma shi ke ɗaukar wutar batir mai ƙarfin bolt 12 ya ninka ta zuwa bolt dubbai, distiributa ta rarraba wa fulogai, su kuma su kunna gaurayen. Duk sa'ad da inji ya mutu, lalle ɗaya daga cikin ukun nan ne ya yanke. Aikin mai bincike shi ne ya gano wanne ne.

Direba shi ne shaida na farko

Makaniki ba ya nan lokacin da motar ta mutu, direba ne ke nan. Saboda haka ya kamata direba ya ajiye ɗan littafi a mota, ya riƙa rubuta amsar waɗannan tambayoyi a duk lokacin da abin ya faru:

1. Yaya ta mutu? Ta yi ta shaƙewa ne tana fizga, ƙarfinta na raguwa, ko kuwa ta ɗauke farat ɗaya kamar an kashe makulli?
2. Injin ya ɗau zafi, ko da sanyinsa?
3. Ana gudu ne, ko hawan tudu, ko an tsaya tana sulo?
4. An faɗa rami, ko an yi ruwan sama, ko an sha mai ba da daɗewa ba?
5. Fitilun gaban direba sun kama, ko su ma sun mutu?
6. Minti nawa aka jira kafin ta tashi?

Amsar tambaya ta farko ita ce rabin aikin. Galibi motar da ta shaƙe kafin ta mutu mai ne ya yanke mata, wadda ta ɗauke farat ɗaya kuwa wuta ce.

Gwaji biyu a lokacin da ta ƙi tashi

Ciwon da ke zuwa yana tafiya, a lokacin da ya zo ake kama shi. Bayan an gyara tsayuwa a gefen hanya, an ja birkin hannu, an fitar da giya, sai a yi gwaji biyu.

Na farko, da inji a kashe, a cire murfin filtar iska, a leƙa cikin maƙogwaron kafireta, wani ya taka totur sau biyu. In an ga mai ya yi tsartuwa, to mai yana isowa. In ba a gani ba, a nemi ciwon a hanyar mai.

Na biyu, a cire wayar fulogi ɗaya, a sa mata wani fulogi mai kyau, a ɗora jikinsa a kan ƙarfen inji nesa da kafireta, sa'an nan a murɗa makulli. Tartsatsi shuɗi mai ƙarfi alamar lafiya ce. In ya fito ja-ja mara ƙarfi, ko bai fito ba sam, ciwon na wuta ne. Kada a riƙe wayar da hannu.

In ciwon na mai ne

Tsohon tanki yakan yi tsatsa. Sa'ad da famfon mai ke zuƙa, ɓarɓashin tsatsar sai ya taru ya toshe bakin bututu, mota ta mutu. Da an tsaya zuƙar ta daina, ɓarɓashin ya koma ƙasa, mota ta tashi. Wannan shi ne sirrin yawancin motocin da ke warkewa da kansu. Maganinsa a sauke tanki a wanke, a sake filtar mai.

Ruwa ma yakan shiga mai, musamman wanda aka saya a jarka wurin 'yan bumburutu. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka yakan kwanta a gindin tanki. A tsiyayi man a farar kwalba a ajiye, za a ga ruwan ya ware a ƙasa. Gurɓataccen mai ba a bakin titi kaɗai ake gamuwa da shi ba, domin a farkon shekarar 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, har sai da aka janye shi daga kasuwa.

Tanki yana da ƙofar shan iska, a tsofaffin motoci galibi a jikin murfinsa take. In ta toshe, famfo ba ya iya jawo mai bayan 'yar tafiya. A buɗe murfin da zarar mota ta mutu. In an ji iska ta ruga ciki, mota kuma ta tashi nan take, an kama ɓarawo.

A lokacin bazara kuma, in bututun mai ya kusanci salansa, man yakan tafasa ya zama tururi, famfo kuwa ba ya tura tururi. A jiƙa tsumma a ɗora a kan famfo da bututun. In ta tashi da wuri, sai a nisanta bututun daga zafi.

In ciwon na wuta ne

Kwayil da kwandansa in sun tsufa sukan yi aiki da sanyi, su gaza da zafi. Motar da ke mutuwa bayan tafiyar rabin sa'a, ta tashi in ta huce, su za a fara tuhuma. A duba kwantak kuma, ko ya ƙone, ko tazararsa ta kauce. A yawancin waɗannan motoci tazarar kimanin milimita 0.4 ce, amma littafin motar shi ne alƙali.

In a rami take mutuwa, wata waya ce ta saki. A bar inji yana sulo, a riƙa girgiza ƙananan wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ana kiyaye hannu da riga daga fanka da fambel. Wadda aka taɓa inji ya yi tari, ita ce. In fitilun gaban direba su ma sun mutu, a duba kan batir, da wayar da ta haɗa batir da jikin mota, da gidan makulli. Lafiyayyen batir yakan nuna kimanin bolt 12.6 a kashe, da 13.5 zuwa 14.5 in inji na aiki. In da damina ciwon ke tashi, a duba murfin distiributa, domin ko tsaga siririya kamar gashi ta isa ta bar danshi ya sace wuta.

In ciwon na iska ne

Motar da ke gudu lafiya amma ta mutu a mahaɗar hanya, ko dai jet ɗin sulo ya toshe, ko wani tiyo ya tsage yana shigar da iskar da ta wuce kima. In da taka birki take mutuwa, a duba tiyon da ya tashi daga inji zuwa tukunyar birki. Baƙin hayaƙi da warin fetur kuwa alama ce mai ya yi yawa, watau ƙurar hunturu ta toshe filtar iska, ko allurar kafireta ta maƙale.

Motoci masu kwamfuta

A-kori-kurar da ba ta da kafireta, famfonta na lantarki ne, galibi a cikin tanki. Akwai kuma na'urar da ke gaya wa kwamfuta juyawar inji, wadda ita ma takan gaza da zafi. Kada a cire batir bayan irin wannan mota ta mutu, domin hakan yana iya goge bayanin da kwamfutar ta adana. A kai ta wurin mai na'urar karantawa.

Gargaɗi

In inji ya mutu ana cikin tafiya, birki zai yi tauri bayan taku ɗaya ko biyu, sitiyari mai taimakon inji kuma zai yi nauyi. Kada a zare makulli, don kada sitiyari ya kulle. A gangara gefe, a sa waigi a taya, a kafa alamar nan mai kusurwa uku da nisa a baya, a sauke fasinja su tsaya nesa da titi. In an sa ganye, a kwashe kafin a tafi.

Kada a zuƙi fetur da baki. Kada a ɗura mai a kafireta ana murɗa makulli, domin wuta takan yi baya ta ƙone fuska. Kada kuma a rataya galan a ja tiyo zuwa kafireta a ci gaba da tafiya, wannan ɗaukar gobara ne a ka.

A ƙarshe, muna kira ga masu mota da makanikai da su riƙa canja abu ɗaya a lokaci guda, su gwada, kana su wuce gaba, a kuma fara da mai araha kafin mai tsada. Direban da ya je gareji da littafinsa a hannu, ya ce ga yadda ta mutu, ga lokacin, ga abin da gwaji ya nuna, ya rage wa makaniki wahala, ya kuma tsare aljihunsa. Motar da ta mutu sau ɗaya ba dalili, a binciketa tun kafin a sake yi mata lodi. Rigakafi ya fi magani.