Hattara Wajen Nuna wa Baƙo Gidan Abinci a Ƙasar Sin

Gidajen abincin gargajiya a ƙasar Sin kashi biyu ne ga Musulmi: na al'ummar Han masu rinjaye, waɗanda naman alade ne jigon girkinsu, da na Musulmin ƙasar, galibi 'yan ƙabilun Hui da Uigur. Ɗan kasuwar da ya fara sauka Guangzhou, wato Kanton, ko don sarin kaya ko don baje kolin Kanton da ake yi tun 1957, bai san wannan bambanci ba. Duk inda tsofaffin zuwa suka nuna masa, nan zai shiga.

A nan sakacin yake. Wasu sukan tura baƙo kowane gida mai cikar jama'a, su ce in ya nemi kaza ko kifi ko ganye, shi ke nan. Wannan ganganci ne. A girkin Kanton ana iya soya ganyen da kitsen alade, romon da ake zuba wa taliya kuma sau da yawa na ƙashin alade ne. 'Yan ƙullin fulawar nan da ake turarawa a kwandunan gora, a ci da shayi da safe, ko da jatan lande ake gani ta cikin ɓawonsu, akan cuɗa shi da kitsen alade don ya yi laushi. Ga kuma giyar shinkafa ta Shaoxing, wadda mai girki ke tsiyaya wa kaza da kifi don kashe ƙarni. Ma'aikacin da aka tambaya ko akwai alade zai iya cewa babu da zuciya ɗaya, domin tsokar nama yake nufi, bai lissafa kitse da romo ba. Mutum ya shekara goma yana zirga-zirga, amma bai taɓa tambayar da me ake suya ba, sannan ya zama mai ba wasu shawara!

Abin da za a nuna wa baƙo shi ne alamar 清真, wadda ake karantawa "cingjan", yawanci a kan allo kore. Kada ya dogara da rubutun Larabci, don a 'yan shekarun nan hukumomi sun sa an cire shi daga ƙofofin shaguna da dama. A Guangzhou irin waɗannan gidaje sun yi yawa a unguwar Xiaobei da kewayen tsohon masallacin Huaisheng. A Beijin akwai titin Niujie, da gidan Dong Lai Shun da aka kafa a 1903, inda ake tsoma yankakken naman rago a tafasasshen romo. Shagunan taliyar Lanzhou, wadda ake ja da hannu a gaban mai saye, suna kusan kowane birni, kuma da araha.

Wanda bai tabbatar da gida da idonsa ba, ya daina tura baƙi can.