A Yi Wa Jirage Marasa Matuƙi Linzami

Edita, ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in koka kan ƙananan jiragen nan marasa matuƙi da masu ɗaukar bidiyo ke tayarwa wajen biki. Ran nan ana ɗaurin aure a maƙwabta, sai ga ɗaya ya tsaya cak a saman tsakar gidana, iyali na wanki ba lulluɓi. Mu da ko bayinmu ba rufi, ina amfanin katanga?

Abin fa ba wasan yara ba ne. A Disambar 2018 an rufe filin jirgin Gatwick na Ingila don an ce an hango irinsu, aka soke tashi da saukar jirage wajen 1,000. Sai a 2019 suka hana tayar da su cikin kilomita 5 daga filin jirgi, suka wajabta rajista. 'Yan sandan Holan har gaggafa suka horar don cafko su, suka watsar a 2017. Jami'an tsaro kan katse sadarwa tsakanin jirgin da mai sarrafa shi, ko su harba masa raga.

Nan gida, tun 2016 hukumar NCAA ta hana tayar da su ba izini. Doka akwai, sani ne babu. Ina roƙon masu unguwanni su riƙa neman takardar izinin kafin biki, gidajen rediyo kuma su faɗakar.

'Yan'uwa, kada a harbe shi da gwafa, ya faɗo wa yaro. A nemo mai shi, a kai gaban hukuma. Allah Ya rufa mana asiri, amin.

Wani ɗan tireda,
Funtuwa.