Nauyin nono ciwo ne, kuma akwai aikin rage shi

Jama'ar Bankuku da ƙasar Kurfai, da ƴan uwanmu da ke ci-rani, yau za mu taɓo zancen da kunya ke hana mata da yawa faɗi. Akwai matan da nononsu ke girma ya wuce kima, har ya zame musu kaya. Mun san aikin mace a nan: daka, ɗibar ruwa a rijiya, duƙe a garakar dankalin turawa lokacin sanyi, ga goyo a baya. To ku ɗora wannan nauyi a kai.

Mai wannan lalura tana fama da ciwon baya, wuya da kafaɗa. Igiyar rigar nono tana yanka mata kafaɗa. Lokacin zafi zufa na taruwa a ƙarƙashin nonon, fata ta yi ƙuraje ko gyambo. Wata ma hannunta ke mutuwa. Abin yakan fara ne lokacin balaga ko goyon ciki, wani lokaci gado ne, wani lokaci ƙiba ce ke ƙara shi. Ba sammu ba ne, ba kuma laifin yarinya ba ne.

Yaya ake aikin? Likitan fiɗa zai sa a yi mata allurar barci, ya cire wani sashe na tsoka, kitse da fata, ya maida kan nonon sama, ya ɗinke. Aikin yakan ɗauki awa 2 zuwa 4. Bayan nan sai ta yi kamar mako 4 zuwa 6 ba daka, ba ɗaukar tulu. Don haka dangi su shirya wadda za ta kama mata aiki.

Gaskiya ɗaya ce, aikin yana barin tabo. Jin kan nono na iya raguwa, kuma wata ba za ta samu ruwan nono isasshe ba in ta sake haihuwa. Shi ya sa likitoci ke son a jira jiki ya gama girma, mai shayarwa kuma ta yaye tukuna. Wadda ke son ƙarin haihuwa ta faɗa wa likita tun farko.

Hanya ita ce a fara da likitar CSI, daga nan asibitin Filinge, su ne za su ba da takardar zuwa manyan asibitocin Yamai. Ƴan uwa da ke Faransa kuma su sani, inshorar lafiyar ƙasar tana ɗaukar nauyin aikin in za a cire aƙalla giram 300 daga kowane nono.

Amma a yi hattara. In nono ɗaya ne ya kumbura farat ɗaya, ko aka ji ƙullutu a ciki, ko jini na fita, ko fata ta canza, wannan wani zance ne daban. Yana iya zama sankarar mama, kuma a Yamai akwai Matanite Isaka Gazobi da cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa da ke duba irin wannan. Kada a jira.

Muna roƙon iyaye mata, a bar ɗaure ƙirji da tsumma, a bar gashi da abu mai zafi, a bar tsagar wanzami da magungunan kasuwa. Ba su rage komai, sai dai su jawo gyambo. Maigida kuma, in iyalinka ta yi kukan baya, ka raka ta likita. Allah ya ba mu lafiya.